Zakanya da barewa sun ɓace cikin ciyawa: nazarin wani labarin zane

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ba zane ne ke ciyar da shi ba. Yana da aikinsa na yini, zanen kuma sai dare ya yi, ko ranar hutu. Ya daɗe yana zana dabbobi ɗai-ɗai da fensir, hannunsa ya faɗa sosai, amma bai taɓa haɗa labarin zane mai shafuka ba, bai kuma taɓa saka launi a kwamfuta ba.

Labarin da ya ƙirƙira yana faruwa ne a wata duniya da babu ɗan Adam a cikinta. A can, in aka kashe dabba aka cinye ta, muryarta ba ta mutuwa. Tana komawa cikin wanda ya cinye ta, ta riƙa fitowa idan ya yi barci. Wata 'yar barewa ta gano zakanyar da ta cinye uwarta, sai ta shiga bin ta daga nesa don ta riƙa jin muryar uwar da daddare. Zakanyar ta san ana bin ta, ba ta kuma juyo ba. Kullum tazarar da ke tsakaninsu raguwa take yi.

Wannan tsari ya ɗora wa zanen kaya tun daga shafin farko. Dabbobin biyu suna cikin akwati ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙananan hotunan da aka raba shafi da su, a yawancin shafukan, a cikin busasshiyar ciyawa, galibi da almuru ko cikin dare, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin gaba ɗaya. Dole mai karatu ya ga inda kowacce take da kallo ɗaya.

Kayan aikinsa takarda ce A4 mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, da fensir, da alƙalamin baƙar tawada, da sikana ta gida, wato na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta, da kwamfuta, da manhajar zane ta Krita wadda kyauta ce. Burinsa ya gama babi na farko, shafi 24, cikin shekara guda, a karanta shi a waya.

Janairu zuwa Maris: shafi 8 na farko

Yakan zana shafi da fensir, ya bi shi da tawada, ya ɗauke shi da sikana a kan ɗigo 150 a kowane inci, wanda ke ba da hoto mai fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, 1240 a faɗi da 1754 a tsawo, ya ajiye shi a matsayin JPEG. Daga nan sai ya buɗe shi a Krita ya ɗauki bokitin launi, kayan aikin da ke cika yanki da launi har ya iske layi, ya riƙa zubawa kai tsaye a kan zanen, duka a shimfiɗa ɗaya, alhali manhajar tana ba da damar ɗora shimfiɗu daban-daban ɗaya a kan ɗaya.

Matsala biyu suka bayyana nan take. Duk inda layin tawada bai haɗe ba, ko da gashi ɗaya ne, launin ya kan tsiyaye ya cika rabin shafi. Sannan kowane layi ya samu farin zobe a gefensa. Dalilin zoben shi ne gefen layin da aka ɗauka da sikana ba baƙi ne tsantsa ba, yana da fiksel masu ruwan toka da ke sassauta shi, kuma matsewar JPEG tana ƙara musu datti. Bokiti yana zuwa bakinsu sai ya tsaya, ya bar siririn fili tsakanin launi da layi. Ya riƙa bin waɗannan zobba da hannu yana toshewa. Shafi ɗaya yana cin kusan awa 10 a saka launi kawai, fiye da rabi kuma a toshe-toshe ne.

Launukan kuwa daga hotunan dabbobi na gaske ya ɗebo su. Yakan buɗe hoton zakanya ya tsinci launin bayanta, ya buɗe na barewa ya tsinci nata, ya yi haka da ciyawa. Yana so ya yi gaskiya ga halitta.

Afrilu: gwaji na farko

Ya tura shafukan 8 ga mutum 5 su karanta a wayoyinsu, bai yi musu bayanin komai ba, ya ce kowa ya faɗa masa abin da ya faru a labarin.

Uku ba su lura akwai barewa a shafi na 3 da na 4 ba, alhali nan ne ta fara bin zakanyar. Ɗaya ya ɗauka zakoki biyu ne, uwa da ɗa. Shafi na 7, wanda dare ne kuma nan muryar uwar ta fara fitowa, babu wanda ya gane daga bakin wa maganar take. Dukkansu sun yaba kyan fuskokin dabbobin a akwatunan da aka matso kusa.

Mayu zuwa Yuli: gyare-gyare

Ya fara da abin da idonsa ya fi gani, wato farin zobe. Ya koma ɗaukar shafi a kan ɗigo 600 a kowane inci, fiksel 4960 da 7016, ya daina JPEG ya koma PNG wanda ba ya lalata hoto. Ya sa manhajar ta raba fiksel gida biyu, duk wanda ya wuce wani mizani ya zama baƙi ƙirin, sauran su zama fari fat. Ya ɗora layukan a shimfiɗarsu ta sama a tsarin ninkawa, wanda ke sa fari ya ɓace baƙi ya zauna, launi kuma ya koma shimfiɗar ƙasa. Ya saita bokitin ya riƙa wuce iyaka da fiksel 2, don launi ya shige ƙarƙashin layi. Ga wuraren da layi bai haɗe ba, ya koyi amfani da wani kayan aiki da Krita ta shigo da shi a fitowarta ta 4.0 a 2018, wanda in ka ɗiga masa launi a kowane yanki zai cika shi da kansa ya kuma tsallake ƙananan giɓi. Zobe ya tafi, lokacin shafi ya sauko kusan awa 6. Da ya sake nuna shafi na 3, barewar na nan a ɓace kamar da.

Sai ya sayi allon zane mai alƙalami, ya sauko da burosan manhaja masu zana gashin dabba da na ciyawa, da tunanin cewa in jiki ya fito da gashinsa za a bambanta shi da fili. Abin ya ƙara lalacewa. A fuskar kwamfuta, in an zuƙo hoton, gashin yana da kyau. Amma shafin da ya kai dubban fiksel a faɗi yana tsukewa ya koma kamar 1080 a fuskar waya, silin gashi da silin ciyawa su zama tarkace iri ɗaya. Lokacin shafi ya koma awa 9.

Daga nan ya sauya launuka. Ya ja zakanyar zuwa ja, ya ja ciyawar zuwa kore, ya bar barewar a ruwan ƙasa. Da rana an ɗan samu sauƙi. Amma ɗaya daga cikin masu karantawar yana da matsalar rarrabe ja da kore, wadda ta fi yawa a maza, shi a wajensa ba abin da ya canza. Koren ciyawar kuma ya ɓata labarin, domin lokacin fari ne a cikinsa.

Shafukan dare su suka fi ba shi wahala. Yadda yake yinsu shi ne ya gama shafi da launin rana, sannan ya shimfiɗa shuɗi mai duhu a kan komai a tsarin ninkawa. Lissafin abin da ke faruwa a nan mai sauƙi ne. Kowane launi a hoto na yau da kullum yana da mataki 256, daga 0 zuwa 255. In jikin dabba yana kan 160, ciyawa tana kan 140, tazararsu 20 ce. In aka ninka su da shimfiɗar da haskenta kashi 40 cikin 100 ne, sai su koma 64 da 56, tazarar ta zama 8. Ɗan bambancin da ake da shi ma ya tsuke, a wayar da aka rage wa haske kuma ba a ganinsa sam.

Abu na ƙarshe da ya gwada a wannan zango shi ne alama: ya ɗaura wa barewar jan zare a wuya. An riƙa gano ta, amma masu karatu suka koma neman zare a kowane akwati, biyu kuma suka tambayi wanda ya ɗaura mata shi a duniyar da babu mai hannu. Ya cire.

Ƙarshen Yuli yana da shafi 11, bai gamsu da ko ɗaya ba, ya ajiye aikin na makonni.

Agusta: awo

Da ya dawo bai zana sabon abu ba. Ya ɗora shimfiɗar da ke zuƙe launi a saman shafi na 3, shafin ya koma fari da baƙi. Zakanya, barewa da ciyawa suka zama ruwan toka guda, layin tawada kaɗai ke raba su. Ya auna haskensu a ma'aunin da ke tafiya daga 0, baƙi, zuwa 100, fari. Dukkan ukun suka faɗa tsakanin 55 da 65. Ya auna shafin da ya yi da ja da kore, ya tarar su ma kusan nan suke.

Wannan yana da tushe a yadda ido ke aiki. Irin launi daban, nauyinsa, wato yawan haskensa ko duhunsa, daban. A ƙa'idar da fuskokin kwamfuta da waya ke bi, kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 na hasken da ido ke ji, ja kashi 21, shuɗi kashi 7. Shi ya sa rawaya tsantsa take kusan 97 a wancan ma'auni, shuɗi tsantsa yake wajen 32, ja tsantsa kuma wajen 53, wato kusan daidai da ruwan toka na tsakiya. Ido yana fara raba abu da filinsa ne ta haske da duhu, irin launi yana zuwa daga baya. Ja da kore na iya zama abokan gāba a ido, nauyinsu kuma ya zo ɗaya.

Sannan ya koma kan hotunan da ya ɗebo launi daga cikinsu. Zakanya tana buƙatar kada barewa ta gan ta har sai ta matso. Barewa tana buƙatar kada zakanya ta gan ta ko kaɗan. Dukkansu a fili ɗaya suke, don haka launinsu ya karkata zuwa na filin. Akwai ma ƙari: bayan barewa ya fi duhu, cikinta fari ne. Haske daga sama yake zuwa, yana haska baya ya bar ciki a inuwa, sai wannan rabon launi ya soke inuwar, jikin ya baje ya rasa kauri a ido. Wani mai zane ɗan Amurka, Abbott Thayer, shi ya yi fice da bayanin wannan a 1896, ya faɗaɗa shi a littafin da ya fito a 1909. Thayer ya yi zarɓaɓi daga baya, har ya ce launin tsuntsun filamingo na ɓuya ne a jan sararin faɗuwar rana, tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi masa raddi mai zafi. Amma batun duhun baya da farin ciki ya tsaya har yau. Mai zanenmu ya kwafo wannan rabo daidai, ya kuma ɗora inuwa mai laushi a ƙarƙashin cikin barewar, wadda ta haɗu da farin ta soke shi kamar yadda yake faruwa a daji.

Awo na biyu na sura ne. Ya cika jikin kowace dabba da baƙi, ba ido ba baki, ya rage girmansu ya kai na ɗan yatsa. Bambancin da ya rage tsakaninsu girma ne da ƙaho, 'yar barewar kuma ƙahonta bai fito sosai ba. Ƙafafunsu iri ɗaya ne, na kare, domin da kare ya koyi zanen dabba. Idanunsu duka a gaban fuska suke. Ga dalilin da wani ya ɗauke su uwa da ɗa.

Satumba: sake gina dabbobin

Wata guda ya yi bai taɓa shafi ba, sai takardun gwaji.

Ya fara da ƙafa. Zaki a kan yatsunsa yake tafiya, barewa a kan ƙarshen yatsa, wato kofato. Gaɓar nan ta ƙafar baya da mutane ke ɗauka gwiwa ce da ta juya baya, dunduniya ce da ta ɗaga sama, gwiwar gaske tana can kusa da ciki. A barewa ƙashin da ke tsakanin dunduniya da kofato dogo ne siriri, naman ƙafar kuma ya taru a sama. A zakanya wannan ƙashi gajere ne, dantse da tafi masu kauri. Da ya gyara wannan kaɗai, baƙaƙen surorin suka rabu. Ya ƙara da layin baya: zakanya mai saɗaɗe kanta yana ƙasa da kafaɗa, allunan kafaɗarta suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, barewa kuwa wuya a miƙe, kunnuwa manya a buɗe. Ya yanke shawarar zakanya ta zama doguwar sura a kwance, barewa sura a tsaye, kada su musanya sai labari ya nema.

Don gudu ya koma ga jerin hotunan Eadweard Muybridge, mai ɗaukar hoton da ya ɗauki doki yana sukuwa a 1878, ya kuma fitar da babban tarin hotunan motsin mutane da dabbobi a 1887, har da na zaki. Daga bidiyon barewa kuma ya ɗauko tsallen nan da take yi da ƙafafu huɗu a sandare idan ta hango maharbi, ya ba 'yar barewar shi a shafin da zakanyar ta fara ɗaga kai.

Ido ya fi ɗaukar masa lokaci. Ya mayar da na barewar gefen kai, yadda in ta fuskanto mai karatu sai a ga rabin kowanne. Da can ya ba zakanyar tsagar ido a tsaye irin ta kyanwa. Zaki ba haka yake ba, tasa zagaye take. Binciken da Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2015 kan dabbobin tudu iri 214, ya nuna tsaga a tsaye ta fi yawa a ƙananan maharba masu kwanton ɓauna kusa da ƙasa, tsaga a kwance kuma a masu kiwo da ake farauta. Ya ba zakanyar zagayayyen baƙin ido ƙarami a cikin rawaya, barewar kuma babban ido mai duhu. A nan ya samu mafitar shafi na 7: duk lokacin da muryar uwar ke fitowa, idon zakanyar yana ɗan buɗewa cikin barci, baƙinsa a kwance irin na barewa.

Oktoba da Nuwamba: sabon jerin aiki

Ya juya tsarin aikinsa. Kafin tawada, kafin launi, yakan yi wa kowane shafi ƙaramin gwaji da nauyi uku kacal, duhu, tsakiya da haske, ya duba shi a waya. Dokar da ya kafa ita ce dabba da abin da ke bayanta kada su zauna a nauyi ɗaya, tazarar kuma kada ta gaza 25 a ma'aunin 100. Da rana zakanya tana wajen 35, ciyawa 60, barewa 85. Wannan ya saɓa wa hoton gaske, zakanyarsa ta fi ta daji duhu, barewarsa ta fi ta daji haske. In akwati bai ba da wannan tazara ba, sai ya sauya abin da ke baya: ya sa barewar a gaban inuwar dutse, ko ya ɗora zakanyar a kan tudu sararin sama na bayanta.

Launi ya koma mataki na ƙarshe, ya kuma taƙaita shi zuwa 12 a babin duka. Burosan gashi suka tafi, inuwa ta zama mai kaifin baki, mataki ɗaya. Ya bar tarkacen ciyawa a gefunan akwati, ya share shi a kewayen dabbobin.

Dare ya samu launukansa na kansa, ba na rana da aka rufe ba. Sama ta zama shuɗi na tsakiya, ba baƙi ba. Ƙasa ta fi ta duhu, zakanya ta fi komai duhu da siririn hasken wata a gadon bayanta, farin cikin barewar kuma ya zama abu mafi haske a shafin.

Wuri ɗaya ya karya dokar da gangan. A shafi na 19 barewar ta ɗaga kai ta nemi zakanyar ta rasa. A wannan akwati ya mayar da zakanyar nauyin ciyawa, ya yi amfani da ainihin launukan da ya tsinto daga hoto a Janairu, ya bar baƙin bayan kunnuwanta da tukun wutsiyarta kawai.

Lokacin saka launi ya sauko kusan awa 4 a shafi. Shafuka 11 na farko ya sake su daga tushe.

Disamba: sakamako

Bai kai shafi 24 ba, ya tsaya a 20. Ya nuna su ga mutum 5 na farko da wasu 4 da ba su taɓa gani ba. Duka 9 sun ba da labarin daidai, har da mai matsalar ja da kore. Sababbin huɗun sun gane muryar shafi na 7 ta uwar barewa ce. A shafi na 19 yawancinsu sun ce sai da suka sake duba akwatin kafin suka ga kunnuwan. Mutum biyu daga na farko sun ce sun fi son fuskokin da, masu gashi da laushi.

Hukunci

Gyaran Mayu daidai ne kuma dole ne, amma cutar da ya warkar daban ce da wadda ta hana a karanta labarin. Farin zobe yana cin lokacin mai zane, bai taɓa ɓatar da mai karatu ba. Allon zane, burosai, ja da kore da jan zare duk sun faɗi saboda dalili ɗaya: ƙari ne aka yi a kan shafin da nauyinsa bai rabu ba. Awon da ya tona matsalar bai ci minti biyar ba, kuma ana iya yinsa tun a shafin farko.

Tushen matsalar shi ne ɗebo launi daga hoto, abin da a wani zanen ba laifi ba ne. A labarin maharbi da abin farauta kuwa, launin gaske launin ɓuya ne a ɓangarorin biyu. Abin da ya yi aiki shi ne raba amanar halitta gida biyu: ƙashi, tafiya da ido suka matsa kusa da halitta fiye da da, nauyin launi kuma ya yi nesa da ita. A ganina shafi na 19 ne ya fi nuna ya fahimci abin, domin ɓacewar zakanyar ba za ta yi tasiri ba da ba a shafe shafi 18 ana ganinta sarai ba.

Ƙorafin mutum biyun nan ma yana da gaskiya. Launi 12 da inuwa mai mataki ɗaya sun rage wa akwatunan kusa wani taushi da suke da shi, kuma ana iya mayar da shi a fuskoki kaɗai ba tare da an taɓa sauran ba. Dokar nauyi uku kuma an gina ta ne a kan buɗaɗɗen fili da dabba biyu. Babi na biyu yana shiga kurmi, inda haske ke zuwa dabbare-dabbare, akwai kuma damisa a cikinsa, kuma gwajin nauyi uku na farko da ya yi wa wannan babi bai raba ta da ganye ba.